Man da Yaya Corinne Ta Haɗa

Marnie Tkachuk ta gaji ciwon fata daga mahaifinta, 'yarta Willa kuma ta gada daga gare ta. Ekzima ce, mai ƙaiƙayin nan da ke kama bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya. Da zafi sai ta lafa kamar ta tafi, amma da zarar sanyin garinsu Saskatoon ya shigo aka rufe tagogi aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, sai ta dawo da ƙarfinta.

Marnie ta sha wuya da nata ciwon. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana gyaran gashi a wani shago, sabulun wanke kai da rini suka cinye mata hannuwa. Likita ya rubuta mata man sitiroyid, ya ce ta shafa mako biyu ta dakata. Ba ta dakata ba. Man yana aiki, ita kuma tana da mata a layi, sai ta yi ta shafawa har shekara shida, har a fuska. Fatar bayan hannunta ta koma kamar ɓawon albasa, ana ganin jijiyoyi. Ranar da ta yanke man, fuskarta ta kumbura ta yi jawur, ta yi wata huɗu ba ta son fita ko ƙofar gida. Daga nan ta bar gyaran gashi ta koma tuƙa motar 'yan makaranta, ta kuma yi wa kanta alkawarin cewa muddin tana numfashi ba mai shafa wa ɗan da ta haifa sitiroyid. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Saboda haka da ciwon ya tsananta wa Willa tana da shekara biyar, likitan unguwarsu ya ce a ba ta mai sauƙi na mako ɗaya, ba abin da zai yi mata, Marnie ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sake komawa ba. Ta koma basilin da man kwakwa. Ta yanke wa yarinyar farce, ta ɗinka mata safar hannu ta auduga. Duk da haka kullum da safe sai ta tarar da ɗigon jini a zanen gado.

Mutum ɗaya ce a duniya ke iya gaya wa Marnie gaskiya ta zauna ta ji, yayarta Corinne. Shekara goma sha biyu ta ba ta. Da mahaifiyarsu ta rasu Marnie tana da shekara tara, Corinne ce ta bar karatu ta riƙe ta, ita ta koya mata kitso da tuƙi, ita ta tsaya mata ranar aure. Yanzu tana zaune a gona, tafiyar awa ɗaya daga gari, ita da mijinta Wendell. Suna kiwon ƙudan zuma, ranar Asabar kuma ta kai zuma da sabulu da kyandir kasuwar manoma.

Ranar bikin godiya na lokacin kaka duk suka taru a gidan Corinne cin abincin rana. An kawo talotalo da pirogi, wani curin fulawa mai dankali a ciki, kowa ya sa hannu, ban da Willa. Ta ajiye cokali tana goga wuyanta da bakin kujera.

"Willa, hannu a cinya," in ji Marnie.

"Ai ba da hannu nake yi ba, Mama."

Wendell ya yi dariya. Corinne ba ta yi ba. Ta bi Marnie kicin da kwanuka, ta tura ƙofa da ƙafa.

"Ke Auta, sai yaushe za ki bar taurin kan nan? Yarinya tana cin jikinta a gabanki."

"Yaya, kin ga hannuna ko ba ki gani ba?"

"Na gani. Ke kika yi wa kanki, da kika mai da magani man shafawa."

"To na ji. Amma ba a jikin 'yata ba. Ko nawa ne, ko daga ina ne, in dai babu sitiroyid zan gwada. Wanda ke da shi kuwa, ko a kyauta."

Corinne ta girgiza kai, ta buɗe famfo.

Bayan mako biyu sai ga ta a ƙofar gidan Marnie da 'yar kwalba a hannu, irin wadda take zuba zuma. A ciki akwai wani mai ruwan ɗorawa, mai ƙanshin saƙar zuma.

"Na haɗa wa yarinyar nan wani abu. Kakin zuma ne da man furen rana da furen kalandula na bayan gida."

"Shi ke nan?"

"Me kike so in sa, hawayen biri? Ki shafa mata safe da yamma."

Kwana huɗu. A rana ta biyar Marnie ta yaye bargo ta ga zanen gado fari tas. Ta juya hannun yarinyar, ta duba bayan gwiwa, jan ya dushe, tsagewar ta haɗe. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka har Willa ta tambaye ta ko wani ne ya mutu. Ta kira Corinne tana magana da ƙyar.

"Yaya, Allah ya saka miki. Ban san da me zan biya ki ba."

"Kai, rufe min baki. Ki ci gaba da shafawa kawai."

Akwai wasu iyaye mata da ke haɗuwa a ɗakin karatu na unguwa duk ranar Laraba, dukkansu masu yara da ekzima, yawancinsu masu tsoron sitiroyid irin na Marnie. Ta kai musu Willa suka gani da idonsu. Suka yi caa a kanta, kowa na son kwalba. Ta kira Corinne a waya ta gaya mata.

"Na Willa ne kaɗai na yi, Auta."

"Haba Yaya, da kin ga jaririn Jolene Friesen, ɗaya daga cikin matan nan! Watansa takwas, fuskarsa kamar an ƙona. Kina da maganin a hannu ki hana?"

Corinne ta ce za ta duba. Kafin Kirsimeti kwalaben sun hau teburinta a kasuwa, kowace da takarda mai rubutun hannu: na gona ne zalla, babu sitiroyid. Marnie da kanta ta ba da hotunan Willa guda biyu, na kafin da na bayan, aka kafa a gaban tebur. Ranar Asabar in ba ta da aiki takan je ta tsaya kusa da yayarta. Duk uwar da ta ɗauki kwalba tana jujjuyawa cikin shakka, Marnie sai ta miƙa mata bayan hannunta.

"Kin ga abin da sitiroyid ya yi min. Kina ganin zan bari ya taɓa 'yata? Yayata ce ke haɗa wannan da hannunta."

Ba wadda ta ji wannan ta ajiye kwalbar.

Sanyi ya yi nisa, Willa ta yi kumatu. Kowa ya ce barci ne da ta samu, jiki ya murmure. Marnie ta lura in an kwana biyu ba a shafa man ba ciwon yakan taso fiye da da, sai ta ƙara yawan shafawa, har ciki da baya. A watan Maris, tana yi wa yarinyar wanka, ta ga wani gashi mai laushi ya fito mata a kafaɗa, ga wasu layuka ja-ja a cinya. Ta ce wa kanta girma ne. Sai da malamar ajinsu ta tare ta a bakin mota, ta yi ƙasa da murya ta tambaye ta ko lafiya a gida, don ta ga tabon taruwar jini a hannuwan Willa har wuri biyar, sannan hankalinta ya tashi. Washegari ta nemi ganin likitar fata ta yara.

Likita Pelletier mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta auna tsawon Willa da nauyinta, ta duba takardun baya, ta ɗaga fatar hannunta a hankali da yatsu biyu. Sannan ta ba yarinyar fensir mai launi ta juyo.

"Wane sitiroyid kike shafa mata, kuma tun yaushe?"

Marnie ta ji kamar an mare ta. "Ni? Likita, ba a taɓa shafa mata ba tun da aka haife ta."

"To me kike shafa mata?"

Ta ciro kwalbar daga jaka da alfahari. Likitar ta karanta takardar, ta buɗe, ta sunsuna.

"Cikin kwana nawa ya yi aiki?"

"Huɗu."

"Malama Tkachuk, shekarata ashirin da shida a wannan aiki. Kakin zuma yana laushin fata, amma ban taɓa ganin ya kashe ekzima irin wannan cikin kwana huɗu ba. Yarinyar nan wata biyar ba ta ƙara tsawo ba. Zan ɗebi jininta gobe da sassafe, zan kuma aika wannan a gwada."

"Yayata ce ta haɗa shi," in ji Marnie, muryarta ta ɗaga. "Ita ta raine ni."

"Ban ce komai a kan yayarki ba. Amma kada ki yanke mata shi yau, ki jira ni. In abin da nake zato ne, yankewa lokaci ɗaya hatsari ne."

Sakamakon jini ya fito cikin kwana biyu. Jikin Willa ya kusa daina yin wani sinadari nasa na kansa, saboda ya daɗe yana samun irinsa ta fata. Na kwalbar ya ɗauki kwana goma sha ɗaya. A cikin kwanakin nan Marnie ba ta kira Corinne ba, ta yi ta ƙirƙiro mata uzuri: wataƙila man furen ranar da ta sayo ne aka gurɓata, wataƙila ita ma cutarta aka yi. Ranar da likita ta kira, Marnie na zaune cikin motar makaranta bayan ta sauke yara. Sitiroyid ne, kuma daga cikin mafi ƙarfi, irin wanda ko babba ba a barinsa ya wuce mako biyu yana shafawa. An fi rubuta shi ga masu ciwon fatar nan mai ɓawo.

Wendell yana da wannan ciwon a gwiwar hannu da fatar kai tun kafin ya auri Corinne.

Da hantsi ta isa gonar. Ƙanƙara ta fara narkewa, tsakar gida duk taɓo. Ta tarar da Corinne a rumfar tace zuma, tana liƙa takardu a kan kwalabe.

"A'a, Auta! Yau babu aiki? Shigo, akwai kofi."

"Me ke cikin man nan?"

"Ai na gaya miki. Kakin zuma da..."

"Yaya Corinne. An gwada shi."

Corinne ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ba ta yi mamaki ba, ba ta tambayi wa ya gwada ba. Wannan ne ya fi komai yi wa Marnie ciwo, domin har ta shigo rumfar tana fatan ta ga yayarta ta firgita.

"Kaɗan nake sawa," in ji Corinne. "Na Wendell ne. Yana karɓa duk wata, ba ya shafa ko rabi."

"Kaɗan."

"Kin bar min wata hanya ne? Yarinya tana zubar da jini a kan teburina, uwarta ta toshe kunne. Na ce in ba ta na mako biyu fatar ta huta, in ya so in cire. Da na ba ki wanda babu komai a ciki, ba ke kika kira ni kina cewa wannan bai kai na farko ba?"

Marnie ta tuna. A watan Nuwamba ne. Ta ma yi mata tsiya, ta ce ko ƙudan zuman sun fara yajin aiki.

"Sai ki gaya min! Wata biyar, Yaya. Safe da yamma, da hannuna. Na shafa mata a fuska. Jikinta ya daina girma, kin sani? Malamarsu ta ɗauka dukanta nake yi."

Fuskar Corinne ta canza. "Ban san zai kai haka ba. Wallahi ban sani ba."

"Na Willa kin ce tausayi ne. Na kasuwa fa? Jaririn Jolene fa?"

"Ke kika matsa min."

"Na matsa miki ki ba su kakin zuma! Kina tsaye ina nuna wa mata hannuna, ina cewa yayata ce, ba za ta cuce ku ba. Kina jina. Kina ba su canji kina murmushi."

"Da na faɗa a lokacin, da kin sake kallona?"

"Da na yi fushi na wata ɗaya. Yanzu ban san har yaushe ba."

Corinne ta zauna a kan wani akwatin zuma, ta rufe fuska da hannu. "Ni na raine ki, Marnie. Ban taɓa nufinki da sharri ba."

"Na sani. Shi ya sa ban taɓa tambayarki sau biyu ba." Ta nuna kwalaben. "Mutum nawa suka saya?"

"Ban ƙirga ba. Arba'in, ko fiye."

"Za ki kira su, ko ni zan kira?"

Corinne ta ɗago. "In hukuma ta ji, za su rufe min tebur. Za su iya kama Wendell a kan takardar maganinsa. Ki bar ni in daina sawa a hankali, ba wanda zai sani. Don Allah, Auta."

Marnie ta dube ta. Ko yanzu ma, so Corinne take su haɗu su rufe maganar. Ta juya ta fita, ta bi ta cikin taɓon har mota ba ta waiwaya ba.

Jolene ce ta farko da ta kira, a gefen hanya, kafin ƙarfin zuciyarta ya ƙare. Ta gaya mata komai, ta ce kada ta yanke man da kanta, ta kai jaririn asibiti yau. Jolene ta ce, "Saboda ke na saya, Marnie. Ban san yayarki ba, ke na sani." Ta kashe wayar. Ranar Laraba Marnie ta tsaya a gaban matan ɗakin karatu ta maimaita. Wata ta zage ta, wata ta fashe da kuka, wata ta ce ita dai man ya yi wa ɗanta aiki, a ƙyale ta. Likita Pelletier ta sanar da hukumar lafiya, kamar yadda aikinta ya wajabta mata, Marnie kuma ta sa hannu a takardar shaida. Aka fitar da sanarwa, aka kwashe kwalaben, aka hana Corinne tebur a kasuwa, aka ci ta tara. Wendell ya rantse bai san inda magungunansa ke tafiya ba, aka yarda da shi. Jaririn Jolene ya kwana uku a asibiti, ya fita lafiya. Jolene ba ta sake gaida Marnie ba.

Janye Willa daga man ya ɗauki mako goma. Likita ta ba ta wani magani na sha tana rage shi kaɗan-kaɗan, har jikinta ya koma yin aikinsa. Ekzimar kuwa ta dawo kamar mai ramuwar gayya. A nan ne Likita Pelletier ta ajiye wani ɗan bututu a kan tebur.

"Wannan sunansa takrolimus. Babu sitiroyid a ciki, ba ya sa fata ta yi siriri, ana iya sa shi a fuska da wuya. Kwanakin farko zai yi mata zafi kamar barkono, daga baya ya daina. Ki kiyaye ta da rana mai ƙarfi. Akwai wasu ma irinsa in wannan bai karɓe ta ba."

Marnie ta ɗauka ta karanta duk abin da aka rubuta a jiki, har ƙananan haruffa. "Tun yaushe ake da wannan?"

"Ya fi shekara ashirin."

"Ba wanda ya taɓa gaya min."

"Kin daina zuwa inda za a gaya miki," in ji likitar, ba da faɗa ba. "Kuma ki ji da kyau: wata rana ciwon zai iya tashi har in ce a sa mata sitiroyid mai sauƙi na kwana biyar. In ranar ta zo zan gaya miki sunansa da ƙarfinsa da ranar dainawa. Ba maganin ne ya cuci 'yarki ba, ɓoye shi da aka yi ne."

Ta rubuta wa Marnie ma na manya, don hannuwanta da fatar idonta. Da yamma uwa da 'ya suka zauna a bakin bahon wanka suka shafa tare. Willa ta yi tsalle tana fifita wuyanta.

"Mama, yana cizo!"

"Nawa ma yana cizo. Mu ƙirga zuwa ɗari mu ga wa zai fara kuka."

"Ke ce za ki fara. Kullum ke ce."

Bai yi aikin kwana huɗu ba. Sai da aka yi mako uku kafin jan ya fara ja da baya, kuma bai tafi duka ba. Amma kumatun sun saɓe, gashin kafaɗar ya zube, zuwa ƙarshen bazara Willa ta ƙara tsawon yatsa biyu. Layukan cinyar ne likita ta ce za su dushe amma ba za su ɓace ba.

Corinne ta yi ta kira, Marnie ba ta ɗauka. Ta aiko da wasiƙa mai shafi huɗu, Marnie ta karanta sau ɗaya ta sa a aljihun tebur. Shekara ta zagayo ba su haɗu ba, sai Lahadin da ke bin bikin Ista, ranar da mutanensu ke zuwa maƙabarta a share kaburbura limamin coci ya yi addu'a. Marnie ta zo da Willa da kwandon burodi da ƙwai masu launi, ta tarar an riga an share kabarin mahaifiyarsu. Corinne na tsaye a gefe da tsintsiya. Ta rame, gashinta ya yi fari.

"Anti Corinne!" Willa ta ruga. Marnie ba ta hana ta ba.

Corinne ta durƙusa, ta dubi fuskar yarinyar da wuyanta, idonta ya cika. Ta ɗaga hannu za ta shafa kumatunta.

"Gaisuwar baki ma ta isa," in ji Marnie.

Hannun ya tsaya, ya koma. Corinne ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa.

"Ta yi kyau. Ta yi tsawo."

"Ta yi."

"Auta, har yanzu?"

"Har yanzu, Corinne."

Shi ne karo na farko a rayuwarta da Marnie ta kira ta da sunanta ba tare da Yaya ba, kuma dukansu biyu sun ji. Liman ya iso kan layinsu da ruwan addu'a, suka tsaya ɗaya a dama da kabarin ɗaya a hagu, Willa a tsakiya tana riƙe da kwando. Da aka gama, Marnie ta ba yarinyar ƙwai ɗaya ta ce ta kai wa antinta, ta jira ta dawo, sannan ta kama hannunta suka nufi mota.